Gundumar Bayan Janareta

Ni dai aikin lantarki ne ya kai ni Riyad, ban je don in shiga rigimar ƙauyukan Jamus ba. A farkon shekarun 1980 na samu aiki a wata masana'antar bututun ruwa da ke Birnin Masana'antu na Biyu, can kudu da gari, inda babu komai sai rana da ƙarar inji. Ni da matata muna zaune a unguwar Malaz, a hawa na uku na wani bene. Kullum da sassafe motar ma'aikata ta ɗauke ni, da yamma ta dawo da ni ina warin roba.

Injinan masana'antar daga Jamus aka kawo su, aka haɗo su da wani Bajamushe don ya kafa su ya koma. Kafawa kam ya kafa, komawar ce bai yi ba. Lokacin da na zo ya riga ya yi shekara da shekaru a wurin. Ya ƙi gidan da kamfani ya ba shi a cikin gari, yana kwana a wata kwantena a bayan janareta. Dattijo ne dogo, rana ta gasa masa wuya ya yi jawur, ga gashin baki fari mai kauri. Yana da saurin fushi, ni ma ba baya ba ne, don haka tun zuwana muka yi cacar baki a kan wata waya, daga nan kuma muka shaƙu. Turancinsa a karye yake, nawa ma ba na kaiwa kasuwa ba ne, sai mu cike gurbin da Larabcin titi da nuni da hannu.

Abin da na fara lura da shi, mutumin nan ba ya cewa shi ɗan Jamus ne. In aka tambaye shi daga ina, sai ya ambaci wani suna wanda in ka ji sai ka rantse ƙayar kifi ce ta maƙale masa a wuya. Na yi ta gwada faɗin sunan har na haƙura, kuma har yau ban iya ba. A gaban kwantenar tasa ya kafa wani allon ƙarfe ruwan ɗorawa, irin wanda ake sawa a bakin gari. A sama akwai sunan ƙauyensu, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe wannan suna mai shaƙe mutum. Kullum kafin ya duba ko inji ɗaya, sai ya jiƙa tsumma ya goge allon nan tas.

Wata rana da azahar na tambaye shi allon mene ne. Da na san abin da zai biyo baya da na ci abincina tukuna. Ya kifa mini bokiti ya ce in zauna.

Wai sunan gundumarsu ne, kuma ta girmi kakan kakansa. Da can ƙasar wani babban limamin coci ce, sai wani basarake ya ƙwace, sai sojan Faransa suka zo suka zauna suka tafi, sai wani sarki ya tattara ƙauyukan ya shata musu iyaka ya ce daga yau ku gunduma ce. Aka gina ofis a garin da ake cin kasuwa, aka yi musu tuta mai hoton agwagwa da mabuɗi a baki. Aka yi yaƙin duniya, gunduma tana nan. Aka yi na biyu, aka rushe rabin ƙasar, gunduma tana nan. Duk wanda ya hau mulki sai ya canza hoton da ke bangon ofis, ya bar iyaka yadda ya same ta.

"Sai da aka samu zaman lafiya," in ji shi, "kowa ya ci ya ƙoshi, sannan wasu samari masu tabarau a babban birnin jiha suka shimfiɗa taswira suka ce wai mun yi ƙanƙanta."

Suka yanka gundumar suka raba wa maƙwabta. Ƙauyukan da kowanne ke da magajin garinsa da majalisarsa da 'yan kwana-kwanansa, aka cusa su cikin juna. Baƙaƙen gundumar da ke kan lambar mota, aka daina bayarwa. Ofishin da sarki ya gina, yanzu kafet ake sayarwa a ciki. Duk wannan da zai iya haɗiyewa, in ji shi. Abin da ya tsaya masa a rai, ƙauyensu an haɗe shi da na tsallaken rafi, mutanen da suka sace musu ƙararrawar coci.

Na ce, "Yaushe suka sace?"

Ya ce, "Tun ba a haifi kakana ba."

Na ce, "To kai ka taɓa ganin ta?"

Ya harare ni ya ce, "Kowace Lahadi ina jin ta, daga tsallake."

Aka ɗauki kan sunan ƙauyen ɓarayin, aka liƙa masa wutsiyar sunan nasu, aka ce ga sabon gari. Nasu ne ma a baya. Ranar da ya ji za a zo cire tsohon allo, sai ya riga su, ya kwance shi, ya saka a akwatin kayan inji, ya karɓi aikin farko da aka ce a ƙasar waje yake.

Ni kuwa dariya ta kama ni har bokitin ya nemi kayar da ni. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yi dariyarka. Amma ka sani ba za a sake haihuwar kowa a gundumar nan ba. Duk jaririn da aka haifa yanzu ɗan wani wuri ne. Mu da muka rage muna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshenmu ya tafi, shi ke nan, kamar ba a yi ba."

Dariyar ta tsaya mini. Wallahi ya ba ni tausayi. Na tuna lokacin da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a gida, aka ɗauke hedkwata daga garinmu aka kai garin da muke kira ƙauye. Mahaifina har ya koma ga Allah ko gishiri bai sake saye a kasuwarsu ba.

Da yamma a mota na ba Baba Direba labari. Baba dattijo ne mutumin wajen Maraɗi, ya zo aikin hajji tun yana saurayi bai koma ba, yana zaune a unguwar Jaradiya da matarsa da muke kira Inna. Shi ke tuƙa motar ma'aikata, kuma duk Bahaushen da ya sauka Riyad a zamanin nan ya ci tuwon gidansa. Ban kai ƙarshen labarin ba ya taka birki, 'yan Pakistan da ke baya suka zubo gaba.

Ya ce, "Inna lillahi! Ashe sauke shi aka yi."

Na ce, "Sauke wa, Baba?"

"Hakimin mana. Shekara nawa ina wuce bawan Allahn nan ko ranka ya daɗe ban taɓa ce masa ba."

Na ce ba hakimi ba ne, makaniken inji ne, ubansa ma mai gasa burodi ne, shi ya gaya mini da bakinsa.

Baba ya ce, "Kai yaro ne. Ka taɓa ganin wanda aka sauke ya ce an sauke ni? Duba mana. An karɓe masa ƙasa. An kawo shi gari mai zafi, nesa da kowa nasa. Yana kwana shi kaɗai. Ya gudo da kayan sarauta ya kafa a ƙofar ɗakinsa. To me kuma ya rage?"

Na ce allo ne kawai na bakin hanya. Ya ce kowace ƙasa da irin tambarinta. Na ce tutarsu ma agwagwa ce a jiki. Sai ya ce, "Agwagwa? Ba zaki ba?" Can kuma ya ce ƙila a ƙasarsu agwagwa tana cizo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya cika mota da Hausawa. Akwai wani likita, da ɗalibai masu karatun addini, da tela, da wasu da ban ma san su ba, kowa ya sha babbar riga. Aka riƙo goro da dabino da ƙwaryar fura da Inna ta dama. Na bi su ne don kada a yi abin kunya babu mai fassara. Muka tarar da Bajamushe a gajeren wando yana cin kifin gwangwani da cokali. Kafin ya haɗiye na bakinsa, mutane sun tuɓe takalma a gaban allo, sun durƙusa, sun ɗaga hannu suna jinjina, "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamaninka!"

Ya dube ni ya ce, "Wani ya mutu ne?"

Baba ya ce, "Gaya masa mun ji abin da ya same shi, mun zo jaje. Ya yafe mana da ba mu zo da wuri ba, ba mu sani ba ne. Wanda ya ba shi ƙasar shi ya karɓa, kuma mayar masa da ita ba ta gagare shi ba."

Na rasa yadda zan yi, sai na ce masa mutanen nan sun zo yi maka jajen gundumarku da aka rushe. Ya ajiye gwangwanin. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce tun da aka yi abin nan babu mahalukin da ya taɓa ce masa sannu. Ƙanensa cewa ya yi ci gaba ne, ai ga shi an gina musu wurin iyo. Sai ga hawaye yana bin gashin bakin nan, ƙaton mutum yana shessheƙa a gaban jama'a.

Baba ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Ka gani ko? Ɗan mai burodi ne zai yi irin wannan kukan?"

Aka miƙa masa goro. Don kada ya ɓata wa baƙi rai, ya jefa guda sukutum a baki ya tauna, idonsa na ƙara kawo ruwa, jama'a na cewa Allah sarki, abin ya taɓa shi ƙwarai.

Daga ranar ya zama Hakimi, kuma tun da ya samu talakawa sai ya ga ai ƙasa ta rage. Filin bayan masana'anta ya raba. Tankin ruwa ya zama garin kasuwa. Janareta ya zama ƙauyen maƙera, don su ma wai ba sa barin kowa ya yi barci. Ɗakin cin abinci ya ce ƙauyen masu kiwon alade ne, Baba ya ce a gaya masa da ladabi a bar shi a masu kiwo kawai. Akwai wata kwata da ke kwashe ruwan sanyaya inji, ta ratsa filin, faɗinta bai kai taku guda ba. Ita ce rafi. Shagon lantarkina kuwa a tsallakenta yake.

Ka ji fa! Ni da na kai labarinsa aka zo masa jaje, ni ne na zama ɓarawon ƙararrawa.

Kowace safiya, in ya gama goge allo, sai ya tako zuwa bakin kwata ya riƙe ƙugu ya ƙwala mini kira, "Kai na tsallake! Ina ƙararrawarmu?" Ya daina taka ƙasar shagona kwata-kwata. In wani abu ya lalace a ɓangarena, sai dai in ɗauko in kawo bakin kwata, shi yana can ni ina nan, mu gyara a kan ruwa. Ma'aikata kuma abin ya yi musu daɗi. 'Yan Pakistan da 'yan Filifin da ba su san inda Jamus ta fuskanta ba suka koyi sunayen ƙauyukan, suna tsokanar juna da su. Kuku, wani mutumin Yaman, ya daina ƙara mini nama, wai ba a ƙara wa ɓarayi.

Da farko ina dariya. Daga baya abin ya fara cina da gaske. Wata safiya da ya yi mini tambayar tasa, ban san lokacin da na ce masa ba, "Wace ƙararrawa? Ai tun asali tamu ce, aro muka ba ku kuka riƙe!"

Ya buɗe baki. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Wallah haka suke cewa! Daidai haka suke cewa, maƙaryata!" Ranar har shayi ya miƙo mini ta saman kwata.

Na ce bari in kashe maganar. Na sa mai walda ya yanke tsohuwar tukunyar gas, ya rataya mata guntun ƙarfe a ciki, na ɗoro ta a baro na turo har bakin kwata. Ma'aikata suka taru. Na ce ga ƙararrawarku, a bar ni in sha iska. Ya miƙo sifana ya ɗan ƙwanƙwasa ta, ya karkata kunne, ya ce, "Ba ita ba ce. Tamu ta fi zaƙi." Baba ya ce daidai ne, babban mutum ba ya karɓar sulhu a zaman farko. Haushi ya sa na rataye ta a ƙofar shagona, kullum da tsakar rana in buga ta da ƙarfi don ya ji. Shi kuma ya fito ya tsaya yana saurare yana girgiza kai, amma na lura bai taɓa komawa ciki ba sai ta yi shiru.

Haka muka zauna har muka kwashe shekaru. Sai mai masana'antar ya tsufa ya miƙa wa ɗansa, wani saurayi da ya dawo daga karatu. Sabon mudir, wato manaja, ya zagaya filin sau ɗaya ya ce ɓarnar wuri ce. Za a kawo sababbin injina daga Japan, filin kuma a zuba masa siminti a yi sito. Bajamushe ba za a sabunta masa iƙama ba, in wa'adin takardar zamansa ya cika ya tattara ya tafi. Ni aka aika in gaya masa, don an san ni kaɗai yake saurare.

Na tsaya a bakin kwata na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, ni kuwa faɗan nake jira. Ya ce, "Yana da tabarau?"

Na ce yana da shi.

Ya gyaɗa kai ya shige kwantena. Washegari bai goge allo ba. Bai zo neman ƙararrawa ba. Na buga ta da tsakar rana har hannuna ya yi zafi, bai leƙo ba. Ban taɓa zaton zan yi kewar a kira ni ɓarawo ba, amma wallahi na yi, abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Ana cikin haka matata ta haihu, mace, 'yar fari. Iyayenmu suna nesa, don haka Inna matar Baba ta tattaro daga Jaradiya ta tare a gidanmu don wankan jego. Ta ƙwace kicin, tana tafasa ruwa a kan gas tana mitar garin da ba a samun ganyen wanka sai an yi roƙo. Tana kuma cike da haushin asibiti, don sun ɗauke mabiyiya ba su ko tambayi kowa ba. Saboda haka da cibiyar jaririya ta bushe ta faɗi, Inna ta naɗe ta a farin ƙyalle ta danƙa mini a hannu.

Ta ce, "Malam, wannan kam ba za ta ɓata ba. Je ka binne."

Na ce, "A ina, Inna?"

Ta ce, "A bayan ɗaki mana."

Na ce Inna, hawa na uku muke, bayan ɗakinmu iska ce. Ƙasa kuma kwalta ce da siminti har inda ido ya tsaya. Na ce ga tukunyar fulawa a baranda. Ta ce, "Jikar tawa tumatir ce?" Na ce to in fita bayan gari in haƙa a cikin sahara. Ta riƙe baki ta ce so nake yarinya ta tashi ba ta da gari, yau tana nan gobe tana can. Matata daga kan gado ta ce a aika gida. Babu mai tafiya a lokacin, gidan waya kuwa in suka ce mene ne a ciki, me zan ce musu? Inna ta ce ita dai ƙasa take so mai mai ita, inda aka san mu aka san ubanta, kuma kada a kai ranar suna.

Haka na yi ta yawo da cibiyar 'yata a aljihun gaba. In na sunkuya gyaran waya sai in dafe ƙirji. Duk garin nan mai faɗi, babu taku ɗaya da zan ce nawa ne, mu da zamanmu ma sai an buga hatimi. Raina ya ɓaci sosai, na gaya wa Baba a mota.

Ya ce, "Kai dai bokon nan bai amfane ka da komai ba. Ga ƙasar Hakimi? Mun kai gaisuwa, ya karɓa. Ya san ka, ya san sana'arka."

Na ce, "Baba, sana'ar da ya sani sata ce. Kuma filin nan siminti za a zuba masa."

Ya ce, "To sai me? Ai ta fi tsaro. Babu karen da zai tono."

Ranar Juma'a da hantsi, masana'anta a rufe, muka je ni da Baba. Muka tarar da shi zaune a kan akwati, ya fara ɗaure kaya, ƙura ta rufe allon har ba a karanta sunan. Baba ya tuɓe takalmi ya yi gaisuwa kamar kullum. Na buɗe ƙyallen na nuna masa, na ce 'ya aka haifa mini, wannan cibiyarta ce, mun zo roƙon wurin binnewa.

Ya leƙa ya ja da baya. Ya ce, "Don me ake binnewa?"

Na ce a wurinmu inda aka binne cibiyar mutum nan ne garinsu. Ko ya tafi bangon duniya, ko ya tsufa a wani wuri, in aka tambaye shi sai ya ce ga inda cibiyata take.

Ya ce, "Ko an canza wa garin suna?"

Na ce ko an canza.

"Ko takarda ta ce ɗan wani wuri ne?"

Na fassara wa Baba. Baba ya ce, "Gaya masa takarda ba ta da cibiya."

Ya ƙura wa ɗan ƙyallen nan ido. Sai ya miƙe ya shige kwantena, muka ji ana ta buɗe akwatuna. Can sai ga shi ya fito cikin baƙar rigar 'yan kwana-kwanan ƙauyensu mai maɓallan tagulla, ta matse shi har ba ta rufuwa a ciki, da wata hular ƙarfe a ka, a cikin zafin nan na Riyad. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, ya sa kayan sarauta." Ya jiƙa tsumma ya goge allo sama da ƙasa. Ya ɗauko shebur ya kafa a gindin allon, ya ɗora ƙafa zai danna, sai ya tsaya.

Ya ce, "A wurinku 'ya garin wa take bi?"

Na ce na ubanta.

Ya ce, "Mu ma haka ne." Ya dube ni, ya dubi kwata, ya dubi shagona a tsallake.

Na gane abin da ke ransa. Na ce haba, binne ta a nan gindin allonku, ni ban damu ba, ai duk wasa ne. Kai, ashe na taɓo wuta. Ya daka mini tsawa har hular ta karkace. Ya ce, "Iyaka ba wasa ba ce! Haka masu tabarau suka ce, ba komai, duk ɗaya ne!"

Ya saɓa shebur ya tafi bakin kwata ya tsaya. Ruwan inji na wucewa a hankali. Abin da yaro zai tsallake da gudu, dattijon nan ya daɗe a kansa yana huci, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni da Baba muka tsaya a bayansa muna kallo. Sai ya ɗaga ƙafa ya ƙetara. Baba ya ce, "Allahu akbar!"

A ƙofar shagona ya haƙa, daidai ƙarƙashin tukunyar gas ɗin. Ya ƙi bari in karɓi shebur. Ƙasar wurin tauri gare ta, amma bai tsaya ba sai da ramin ya kai gwiwa, gefensa a miƙe kamar an sa ma'auni. Na durƙusa na ajiye ƙyallen da bisimilla. Baba ya yi addu'a, Allah ya raya ta, ya sa ta zama mai zama wuri ɗaya, mai riƙe zumunci. Shi kuma ya cire hula ya riƙe a ƙirji har muka shafa. Muka mayar da ƙasa, ya daddanna da takalminsa.

Sannan ya ɗauki sifana daga kan teburina, ya buga ƙararrawar da ya ce ba ita ba ce. Ya buga, ya sake bugawa, har mai gadi ya taho da gudu yana zaton gobara ce. Yana dariya hawaye na zuba, yana faɗa wa tankin ruwa da janareta da ɗakin cin abinci da yarensu. Na ce me kake ce musu? Ya ce, "Ina gaya musu an yi haihuwa a gunduma. A gidan ɓarayi, amma namu ne."

Ya zo suna a Malaz, ya zauna a ƙasa cikin maza yana fama da dogayen ƙafafunsa, ya ci naman rago da hannu. Ana gobe zai tashi ya sake hawo benen nan da wani abu naɗe cikin bargo. Allon ne. Inna ta miƙa masa jaririya, ya karɓe ta a tsorace, ya sunkuya ya faɗa mata sunan gundumar a kunne. Ita dai ta yi atishawa.

Ya ce mini, "Allon nata ne. Ita ce ƙarama a cikinmu, ita za ta fi daɗewa."

Na raka shi har ƙasa. Na tsayar masa da mota. Ya shiga tasi, ya sauke gilashi, ya ɗaure fuska irin yadda yake yi a bakin kwata.

Ya ce, "In ta girma ka gaya mata ƙararrawarmu tana wurinsu."

Ban sake ganinsa ba. An zuba simintin, an yi siton. Da muka dawo gida mahaifiyata ta tambaye ni inda aka binne cibiyar jikarta, na ce a Jamus, ta ce Allah ya shirye ni. Allon yana nan rataye a zaurena, baƙi suna zaton na wani kamfani ne.

Yarinyar yanzu ita ma uwa ce. Da ta yi hankali na zaunar da ita a gaban allon na isar mata da saƙo, yadda aka ba ni. Ta saurara har na gama, ta ce, "Baba, tun asali tamu ce. Ba za mu mayar ba."